Tarin da Ba Shi da Suna: Tarihin Wani Ciwon Ƙirji a Ƙasar Haɗejiya





Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa kifi da kaska? Malamin Hausa ina ruwansa da ciwon huhu? Tambayar tana bisa hanya, saboda haka bari in fara da ba da hanzarina. Ni ba likita ba ne, sana'ata bin diddigin kalmomi. Amma a cikin wannan sana'a na lura cewa akwai cutar da ta daɗe tana cin mutanenmu, likitocin duniya sun san ta shekara ɗari biyu ke nan, mu kuwa har yanzu ba mu raɗa mata suna ba. Rashin sunan nan ya jawo wa wasu bayin Allah shan maganin da ba nasu ba, har da tsangwamar da ba su cancanta ba. Ɗaya daga cikinsu goggona ce, ƙanwar mahaifina.

A wani ƙauye take zaune cikin fadama, gabas da birnin Haɗejiya, sana'arta bandar kifi. Tun ina yaro na san ta da tari. Da asuba, kafin ta yi alwala, sai ta zauna bakin ƙofa ta yi ta kaki cikin wani gwangwani, wani lokaci har ya kusa rabi, mai kauri, tsanwa-tsanwa, mai wari. Da rana kuwa ta kan yi aikinta kamar kowa. In sanyi ya shigo sai zazzaɓi ya kwantar da ita, kakin ya ƙaru, wata rana a ga jini a ciki. Sau uku ana ɗora ta kan maganin tarin fuka. A karo na farko gaskiya ne, an ga ƙwayar cutar a kakinta, ta sha magani wata takwas kamar yadda tsarin wancan zamani ya tanada, ta warke. Karo na biyu da na uku ba a ga komai ba, sai dai hoton ƙirji ya nuna tabo, tari kuma bai daina ba, aka ce lalle cutar ce ta dawo. Zan komo kanta nan gaba.

Bari mu fara duba abin da harshenmu ya tanada. Bahaushe ba matalauci ba ne wajen sunayen ciwon ƙirji. Yana da mura, yana da tarin shiƙa na yara, yana da ciwon haƙarƙari, yana da tarin fuka. Ya bambanta majina da kaki, ya san busasshen tari da mai ruwa. Daga baya muka aro asma da tibi da namoniya daga bakin asibiti. To, amma kalmar fuka ita ce babbar jaka. Duk wanda numfashi ke yi wa wuya, ko tari ya daɗe masa, cikinta ake jefa shi. Wani ya ce fuka yana nufin asma, wani ya ce fuka yana nufin tarin nan mai ramar da mutum, mai yaɗuwa. Kada mu ga laifin kakanninmu a nan. Su da abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji suke raɗa suna, kuma haka likitocin ko'ina suka yi har farkon ƙarni na sha tara. Malamanmu da suka karanta littattafan ɗibbu na Larabci sun gaji kalmar sillu, watau tarin fuka, kuma Ibn Sina tun a ƙarni na sha ɗaya ya lasafta shi cikin cututtuka masu yaɗuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Duk da haka babu wanda ke da hanyar leƙa cikin ƙirjin mai rai.

Magani ma bisa wannan fahimta ya tafi. A dafa citta da kanumfari da masoro, a sa zuma. A jiƙa sabara. A yi sirace. A sha rubutu. In abu ya ƙi, a kira wanzami ya yi ƙaho ko sakiya a haƙarƙari, in yaro ne a cire masa belu. Wasu daga cikin waɗannan, kamar sirace da abin sha mai ɗumi, suna sassauta kaki, mai ciwo ya ji dama-dama. Cire belu kuwa, in faɗi gaskiya ko da wanzamai za su ji haushina, ba abin da ya haɗa shi da huhu, sai dai zubar jini da shigar wata cutar.

Ƙasar Haɗejiya tana da nata halin da ya shafi ƙirji. Kogin Haɗejiya, bayan ya baro ƙasar Kano, in ya iso nan sai ya rasa gangara, ya rarrabu, ya bazu cikin fadamu har zuwa Nguru. Wannan ruwa shi ne arzikin Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri: shinkafa, alkama, tattasai, kiwo, da kifin da ake lodinsa zuwa kudu. Kifi kuwa ba ya jiran kasuwa, sai an banda shi, mai banda kuma wuni take cikin hayaƙi, sau da yawa da goyo a bayanta. A ƙara da hayaƙin murhu cikin ɗakin girki marar taga, da wutar jin ɗumi da ake hurawa cikin ɗaki da sanyi, da hazon hunturu wanda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ban ce hayaƙi shi kaɗai ke haddasa ciwon da nake magana a kansa ba. Abin da aka tabbatar shi ne hayaƙin cikin gida yana raunana kariyar huhu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora masa alhakin kusan rabin mace-macen ƙananan yara da namoniya ke jawowa. Yaron da ya tsira daga namoniya mai tsanani kuwa, wani lokaci da tabo yake tsira.

Yanzu mu ƙetare zuwa inda aka fara gano abin. A shekarar 1816, a asibitin Necker da ke birnin Faris, wani likita Bafaranshe mai suna René Laennec ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata maras lafiya, ya ji sautin ya fito fiye da yadda kunne kaɗai ke ji. Asalin abin sauraron ƙirjin nan ke nan da likitoci ke ratayawa a wuya. Abin da ya ɗaukaka aikinsa shi ne naci: ya saurari ƙirjin mutum yana da rai, ya rubuta, in mutumin ya rasu ya buɗe ya gwada abin da ya ji da abin da ya gani. A littafinsa na 1819 ya bayyana wasu huhuna da ba irin ramukan tarin fuka ne a cikinsu ba, hanyoyin iska ne da kansu suka buɗe, suka saki, suka cika da ruɓaɓɓen kaki. Daga baya aka ba wannan hali suna daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin hanyar iska, ɗaya mai nufin miƙewa ko faɗaɗa, watau buronkiyaktasis. Shi Laennec tarin fuka ne ya yi ajalinsa a 1826, yana da shekara 45.

Ku lura da wannan shekara ta 1819. A lokacin, Sarkin Musulmi Bello bai daɗe da hawa ba, Sarki Sambo ne a Haɗejiya, ba a kai ga zamanin Buhari ba tukuna.

Sauran matakai sun zo ɗaya bayan ɗaya. Ran 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar a Balin cewa ya gano ƙwayar da ke kawo tarin fuka, daga nan aka sami ikon duba kaki a ce akwai ko babu. A 1895 Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Sai dai hoton nan inuwa ce kawai, yana nuna tabo amma ba ya nuna faɗin hanyoyin iska sosai. A 1922 wasu Faransawa biyu, Sicard da Forestier, suka fito da dabarar zuba wani mai da aka gauraya da aidin cikin maƙogwaro, ya bi rassan huhu, sa'an nan a ɗauki hoto, sai rassan su fito kamar bishiyar kuka da rani. Aiki ne mai wahalar da maras lafiya, amma shi aka dogara da shi shekara sittin, har na'urar hoto ta siti, wadda aka fara gwadawa a Landan a 1971, ta ƙware cikin shekarun 1980 ta maye gurbinsa. Yau da ita ake tabbatar da ciwon: in hanyar iska ta fi jijiyar jinin da ke tafiya kusa da ita faɗi, ko ta ƙi tsukewa yayin da take nufar gefen huhu, to magana ta ƙare, gani ya kori ji.

Ina Haɗejiya a cikin wannan tafiya? Shekara goma sha ɗaya bayan gano hoton ƙirji, abin da Turai ta fara aiko wa Haɗejiya shi ne igwa. Ran 25 ga Afrilu 1906 sojojin Ingila suka shiga birnin, Sarki Muhammadu Mai Shahada da jama'a masu yawa suka kwanta dama. Aikin likita na farkon mulkin mallaka don Turawa da sojoji da ma'aikata aka kafa shi. Sai wajen ƙarshen shekarun 1920 birnin Kano ya sami babban asibitin En'e, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, ɗakunan shan magani na En'e kuma suka fara yaɗuwa a gundumomi bayan haka. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta Malam Madori ta isa Nguru a 1930, amma don gyaɗa da fatu aka shimfiɗa ta. Malamin disfensa na wancan zamani, Allah ya saka masa, da ruwan maganin tari da man shafawa yake yaƙi, hankalin hukuma kuwa yana kan agana da sanƙarau da kuturta, cututtukan da ke zuwa da gayya ko suke bayyana a fata. Tarin da ke cin mutum a hankali cikin shekara ashirin ba ya tayar da hankalin Razdan.

Sa'an nan zamanin magunguna ya zo. An gano sitiraftomaisin a Amurka a 1943, isoniyazid ya shigo a 1952, rifamfisin cikin shekarun 1960. Binciken da aka yi a Madras ta Indiya daga 1956 ya nuna ana iya warkar da mai tarin fuka a gidansa ba sai an killace shi ba, gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Gabas cikin shekarun 1970 kuma suka rage tsawon magani zuwa watanni. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin annobar gaggawa, Nijeriya ta rungumi tsarin nan na shan magani a gaban ma'aikaci, kyauta, ana kuma horar da ma'aikata a cibiyar Saye kusa da Zariya. Wannan babban alheri ne, ba mai musu. Amma ya zo da wani abu da ba a yi tsammani ba. Tun da tarin fuka shi ne ciwon ƙirjin da ke da rajista da fom da magani kyauta da mai duba aiki daga hedikwata, sai ya zama duk tari mai daɗewa ƙofar nan ɗaya yake da ita. Babbar jakar nan ta fuka da muka gada daga kakanni, sai ga shi asibiti ma ya ɗinka irinta.

A ƙasashen Turai da Amurka kuwa, da rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka wadata, ciwon ya ja baya ƙwarai, har likitocinsu suka riƙa kiransa marayan ciwo, suka daina koyar da shi da muhimmanci. Littattafansu muke karantawa, sai muka yi maraicin tare da su, alhali dalilan da suka kawar a can suna nan daram a nan.

Dalilan nan manya guda biyu ne a ƙasa irin tamu. Na farko shi ne tarin fuka kansa. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya mayar da naman da ta cinye. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2012 ta sami mutum 524 cikin kowane 100,000 na waɗanda suka kai shekara 15 suna ɗauke da tarin fuka tabbatacce, adadin da ya zarce abin da ake zato nesa ba kusa ba. Wani lissafi da aka buga a 2021 ya nuna cewa a shekarar 2020 akwai mutum wajen miliyan 155 a duniya da suka yi tarin fuka suka rayu. A Malawi an ɗauki hoton siti na mutanen da suka gama magani aka sallame su a matsayin warkakku, aka tarar fiye da kashi 40 cikin ɗari hanyoyin iskarsu sun buɗe. A Indiya, rajistar masu wannan ciwo da aka buga a 2019, mai ɗauke da mutum fiye da 2,000, ta nuna tsohon tarin fuka ne kan gaba cikin dalilai, fiye da sulusi. Sai a 2019 ɗin nan ne aka yi taron duniya na farko, a Afirka ta Kudu, musamman don tattauna halin waɗanda suka warke daga tarin fuka. Rajistarmu tana rufe shafin mutum ran da ya haɗiye ƙwaya ta ƙarshe, ta rubuta ya warke. Shi kuwa ya koma gida da gwangwaninsa.

Na biyu shi ne cututtukan ƙuruciya, musamman ƙyanda da tarin shiƙa da namoniya. Iyayenmu mata sun san ƙyanda sarai, shi ya sa suke sakaya sunanta su ce baƙon dauro, suna kuma tsoron kada ta koma ciki. Abin da suke nufi da komawa ciki ya yi kusa da abin da likita zai kira namoniyar bayan ƙyanda. David Morley, wanda ya yi aiki a Imesi-Ile ta ƙasar Yarabawa daga ƙarshen shekarun 1950, shi ya nuna wa duniya irin kisan da ƙyanda ke yi wa yaran Afirka ta Yamma. An sami allurarta a 1963, kuma daga 1967 ayarin masu lamba suka zaga ƙasar nan da bindigar allura suna yi wa agana da ƙyanda tare. Dattawan da ke zauren nan wasunsu suna da shaidar a dantse. Agana ta tafi ba ta dawo ba, ƙyanda kuwa tana buƙatar a bi kowane jariri da aka haifa. An yi ƙoƙari a zamanin da Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, daga nan abin ya zube. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya sami kashi 13 cikin ɗari kacal na yara sun kammala rigakafinsu, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai kashi 5 ba. A shekarar ce kuma rigimar allurar shan inna ta tashi, wadda ta ɓata wa sauran allurai suna. Yaran da aka haifa a waɗannan shekaru yanzu su ne samari da matan aure. Wanda ƙyanda ko tarin shiƙa ya yi wa ɓarna a huhu yana ɗan shekara biyu, yau yana nan cikinmu, ana ce masa mai yawan mura.

Akwai wasu dalilan: raunin garkuwar jiki, har da cuta mai karya ta, ɗan abin da yaro ya shaƙa ya maƙale, kamar ƙwayar gyaɗa, da wasu cututtukan gado. Sau da yawa ma a bincika a rasa dalili.

To, yaya ciwon ke ci gaba bayan abin da ya haddasa shi ya wuce? A nan mutumin Haɗejiya ya fi kowa saurin ganewa, domin ya ga irinsa a kogi. Cikin hanyoyin iska akwai waɗansu 'yan gasu da ido ba ya gani, kullum suna kaɗa majina sama tana fita da ƙura da ƙwayoyin cuta, kamar yadda ruwa mai gudu ke wanke kwarinsa. In ciwo ya cinye bangon hanyar, ta saki kamar tsohuwar zariya, gasun nan suka lalace, sai majina ta kwanta. Inda ta kwanta ƙwayoyin cuta su yi gida. Jiki ya aiko fararen ƙwayoyin jini su yi yaƙi, makaman da suke zubarwa kuma su ƙara cin bangon, hanyar ta ƙara saki, majina ta ƙara kwanciya. Wani likita a Landan, Peter Cole, shi ya tsara wannan bayani a 1986. Ku gwada da abin da ya sami fadama. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ruwa ya daina zuwa da ƙarfinsa na damina ya janye da rani, ya koma yana tsiyaya duk shekara. Ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta tare laka, laka ta rage gudun ruwa, ruwa mai kwanciya ya ƙara wa kacala ƙarfi, har hanyoyi suka toshe, ruwa ya bi ta gonaki da gidaje. Kowane manomi a Guri ya san cewa ba a yi wa kacala aikin gayya sau ɗaya a huta. Huhun mai wannan ciwo haka yake, yashe shi aikin kowace safiya ne.

Wannan ne ya sa babban magani a yau ba a kwalba yake ba. Ana koya wa mai ciwo yadda zai kwanta ta gefen da zai sa kaki ya gangaro, yadda zai ja numfashi mai zurfi ya riƙe, sa'an nan ya huro shi da baki buɗe kamar mai hura wa madubi tururi, sau ɗaya ko biyu a yini. Wani lokaci a bubbuga masa baya da tafin hannu a dunƙule kaɗan, ko a ba shi tururin ruwan gishiri na asibiti ya shaƙa. In ciwon ya motsa, watau kaki ya ƙaru ya sake launi, ga zazzaɓi, ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kimanin kwana 14, an fi so a auna kakin tukuna a san wace ƙwaya ce. Wanda ciwon ke tasar masa sau uku ko fiye a shekara, gwaje-gwajen da aka buga a 2012 da 2013 sun nuna ƙaramin awo na azitiromaisin ko ɗan'uwansa na tsawon watanni yana rage tashin, amma sai likita ya duba zuciya da ji, ya kuma tabbatar babu tarin fuka ko danginsa. Ba abin da za a saya a kemis ba ne a yi ta sha. In ɓarnar a yanki ɗaya take, ana iya yanke yankin. Jini mai yawa kuwa maganar gaggawa ce, domin wani lokaci wata irin funfuna ce ke tsirowa cikin ramin da tarin fuka ya bari. A watan Agusta 2025 Amurka ta amince da magani na farko da aka yi musamman don wannan ciwo, mai suna Brinsupri, wanda ke dushe kaifin makaman nan na fararen ƙwayoyin jini. Kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka ko a can.

Na ce zan komo kan goggona. Tsarin da ake bi a lokacin ga wanda aka ce tarin fuka ya dawo masa shi ne wata takwas na ƙwayoyi, tare da allurar sitiraftomaisin kullum har wata biyu. Sananne ne cewa wannan allura tana iya taɓa kunne. Bayan zagaye na uku goggo ta daina jin kiran salla daga masallacin da ke bayan gidansu. A tsawon waɗannan shekaru an ware mata kwano da moɗa, jikoki ba sa kwana ɗakinta, masu sayen kifi wasunsu suka sauya wuri. Ban ɗora wa ma'aikacin da ya rubuta mata magani laifi ba. Madubin duba kaki gare shi da hoto mai inuwa, littafin aikinsa kuma hanya ɗaya ya nuna masa. Na'urar GeneXpert, mai gano ƙwayar tarin fuka cikin kamar awa biyu har ta faɗi ko tana jin magani, sai a ƙarshen 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, kuma sai a 2017 hukumar ta ce a daina wancan tsari mai allura. Lokacin da na dawo daga karatu na kai ta Kano aka yi mata hoton siti, likita ya nuna mini ƙasan huhunta na hagu, ramuka jere kamar saƙar zuma. Ya ce ba ta ɗauke da abin da za ta shafa wa kowa, mai yiwuwa ma tun bayan maganin farko. A mota ta tambaye ni, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, “To, ɗan nan, me ya ce sunan abin?” Ni da na yi shekaru ina nazarin harshen Hausa har ƙasar waje, na rasa abin da zan ce mata.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke nan, abin da wannan tarihi ke nema a gare ku ba gini ba ne. Kai kowane mai tari Kano ko Dutse don hoton siti ba zai yiwu ba, balle a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, da ruwa ya yanke hanyoyi a Auyo da Kafin Hausa da kewayen Haɗejiya, sai da kwalekwale. Amma ma'aikacin ƙaramin asibiti yana iya yin tambaya huɗu: tarin ya kai shekara nawa, kakin yana da yawa kullum, an taɓa shan maganin tarin fuka ko an yi ƙyanda mai tsanani, kuma me na'ura ta ce? Ya duba yatsu, domin wasu kan yatsunsu kan kumbura, farce ya lanƙwashe kamar bayan cokali. In an auna an sake aunawa babu ƙwayar tarin fuka, kada a sake buɗe masa rajista don kawai ita ce a kan tebur. A tura shi gaba, kafin nan a koya masa yashe ƙirji, wanda ba ya cin ko kwabo. Wanda ya gama maganin tarin fuka a ce ya dawo bayan wata shida a saurari ƙirjinsa. Allurar nan mai haɗe da rigakafin tarin shiƙa, wadda aka shigo da sabon nau'inta a 2012, da ta namoniya da aka fara a ƙarshen 2014, da ta ƙyanda, su isa rugage da tungayen masunta. Masu aikin gona da kamun kifi kuma su dubi matattarar banda mai bututun hayaƙi.

Saura aikinmu, mu masu harshe. Mun ga yadda suna ke aiki: kalmar ƙanjamau ta tsoratar, ta kuma kunyatar, har mutane da yawa suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki. A takardun likita ana iya rubuta buɗewar hanyoyin iskar huhu, ya wadatar. Amma tsohuwa a ƙauye ba za ta riƙe wannan ba. Na yi tunanin tarin kwantai, saboda kakin da ke kwana, sai na ga kalmar tana da wani amfani na gori da bai dace a jingina wa maras lafiya ba. Abin da nake gabatarwa ga wannan zaure shi ne tarin tabo. Na san likitoci za su ce ba kowane ne daga tabo yake ba, akwai na gado, kuma sun yi gaskiya. Hujjata ita ce kowane Bahaushe ya san abu uku game da tabo ba sai an yi masa lacca ba: ciwo ne ya wuce ya bar shi, ba ya gogewa, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani.

Na gwada kalmar a gidanmu. Na tara matan gida na ce musu abin da ke damun goggo tarin tabo ne, na yi bayani kamar yadda na yi muku. Ba wanda ya yi gardama. Da daddare ƙaramar jikarta ta ɗauko tabarmarta ta shiga ɗakin. Goggo ta yi shekara shida bayan haka tana yashe ƙirjinta kowace asuba, a kwance ta gefen dama, kafin Allah ya karɓi abinsa. Jinta dai bai dawo ba.

Malam Shugaba, a nan zan dakata, in bar wa likitocin da ke cikinmu fili su gyara mini inda na yi tuntuɓe.